Gashi Don Uwar Jirgi

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi. Busan.

Jirgin nan wari yake yi. Warin man dizal, warin safar Tokuji abokin mijina, da wani wari daga ƙasa wanda na kasa gano tushensa tun da muka baro Hakata, tasharmu ta gida. Na goge ko'ina da ruwan sabulu, har lungunan da hannu ba ya shiga sosai, amma da an rufe ƙofa sai ya dawo. Mijina Shigenobu ya ce shi bai ji komai ba. Ina zai ji, mutumin da ke kwana hancinsa na saitin ƙafar abokinsa?

Tafiyar nan ta mu biyu ce. Haka muka tsara tun kafin ya yi ritaya: mu bi gaɓar Koriya tasha bayan tasha, mu tsallaka tsibirin Jeju, mu gangara kudu har Keelung ta ƙasar Taiwan, inda aka haifi mahaifiyata, inda jirgi ya ɗauko ta tana yarinya ba ta sake komawa ba. Ina so in shiga tashar nan ta ruwa, in gan ta yadda ta gan ta ranar da ta bar ta. Don haka na koyi tuƙi da furfurata, na yi amai a bokiti har na daina jin kunyar bokitin, na ci jarrabawar lasin. Ana saura 'yan kwanaki mu tashi sai Shigenobu ya ce abokinsa Tokuji zai raka mu "zuwa Busan kawai", wai ɗan masunta ne daga tsibiran Goto, ya san ruwa. To ga mu a Busan. Tokuji ya shanya kamfansa a kan igiyar jirgi, babu alamar mai shirin sauka a tare da shi.

Da safe wani jami'in tasha ya zo yana nuna sama. Tutar Koriya da muka ɗaga don girmama ƙasar mutane, ashe a kife take, jan yana ƙasa. Tokuji ne ya ɗaga ta. Shigenobu ya juyo gare ni a gaban jami'in ya ce, "Ke, maman Kanae, me ya hana ki dubawa?" Ni na rusuna na ba da haƙuri.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan abincin dare.

Ban ɗaki ya toshe. Na kwance bututun da hannuna, na ciro tsinkayen sakace cunkus, kuma mutum ɗaya ne a jirgin nan yake yawo da tsinke a baki. Na wanke hannu har fata ta yi ja, amma har yanzu ba na son kai shi kusa da fuskata.

Muna cin abinci Tokuji ya ajiye sandunan cin abincinsa ya yi gyaran murya.

"Uwargida, kada ki ɗauka da zafi fa. Magana ce ta mutanen da."

"Faɗi mana, Tokuji."

"Shekaranjiya tuta, yau ban ɗaki. A garinmu in abu ya fara jerowa haka, sai a ce Uwar Jirgi ce ranta ya ɓaci."

Duk wanda ya tashi a bakin teku ya san zancen Funadama, Uwar Jirgi, wadda ke zaune a ɗan rami a gindin jigo, wato dogon sandan da ke riƙe da zanen iska. Kakata ma tana zancenta. Amma kakata ba ta taɓa toshe ban ɗaki ta ɗora wa wata ba.

Na ce, "Me ya ɓata mata rai?"

"To... ba ta son mace ɗaya tilo a tsakiyar maza. Ba ni na faɗa ba fa. In ta kama dole, sai a ɗauki 'yar tsana a jirgin, su zama biyu."

Na kalli Shigenobu ina jiran ya fashe da dariya. Injiniya ne, rayuwarsa duka gadoji ya gina. Ya ci gaba da tsince ƙayar kifinsa, ya ce, "Ai 'yar tsana ba wani abu ba ce."

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma.

Ya sayo ta. Ta roba ce, mai gashi rawaya, idonta na rufewa in an kwantar da ita. A gadona suka sa ta, wai mata wuri ɗaya. Tir.

Asabar, 17 ga Mayu, da rana tsaka. Tongyeong.

Tun fitowar rana ni ke riƙe da sitiyari, iska mai daɗi, jirgi na tafiya lami lafiya, har na fara mantawa da su. Da muka doshi tasha Shigenobu ya ce in sauka in dafa taliya. Kullum haka ne. Tsakiyar teku tawa ce, amma bakin tasha inda mutane ke kallo nasa ne, har da gyara zaman hula.

Ina ƙasa ina jin su sun buɗe giya suna gardamar wasan ƙwallon sanda. Sai na ji injin ya yi wani gurnani ya mutu, tukunya ta zame, ruwan zafi ya zubo mini a ƙafa. Na leƙo waje. Muna tsakiyar gonar kawa, wato dodon koɗin teku da ake kiwo a jikin igiyoyi. Fararen robobin da ke riƙe da igiyoyin gonar a jere suke iya ganin ido, ko makaho ya taɓa su da sanda zai kauce, amma mazan nan biyu sun kutsa ciki har igiya ta naɗe farfela tam.

Mai gonar ta zo a ƙaramin jirginta, wata mace gajera mai takalmin roba har gwiwa. Ok ne sunanta, kuma tana jin yarenmu kaɗan-kaɗan, daidai wanda zai ishe ta faɗa.

"Maza biyu, ido huɗu, gona guda ba ku gani ba? Wa ya ba ku jirgi?"

Tokuji ya yi tsuru-tsuru, ya cire tsinken daga baki. Da ta juya baya sai ya matsa kusa da Shigenobu, ya yi ƙasa da murya yadda zan ji sarai: "Kyaftin, 'yar tsanar ba ta isa ba."

Ƙunar ƙafata ta tashi. Babu wanda ya tambaya.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma.

Ni aka aika in kai wa Ok kwalin alewa da ban haƙuri, wai mace da mace sun fi fahimtar juna. Na same ta a rumfarta tana ɗinke igiyar da muka yanka. Na rusuna har bayana ya yi ƙara.

"Ke kika tuƙa?" ta ce.

"A'a."

"To me ya sa ke kike lanƙwasa? Miƙe, 'yar'uwa, kada ki karye. Ina masu hular?"

"Suna hutawa."

Ta yi dariya har ta share ido da gefen hannu. Ta ga ina ɗingishi, ta zaunar da ni a kan akwatin kifi, ta shafa mini magani a ƙunar, ta ba ni miya mai barkono da ta sa ni hawaye. Na bar barkonon ya ɗauki laifin. Da zan tafi ta ce, "Nawa mijin ma haka yake kafin ya mutu. Yanzu ya gyaru."

Na dawo na tarar sun cinye taliyar jiya, sun bar mini kwanonin a cikin ruwa.

Talata, 20 ga Mayu, da safe.

Sabuwar doka. Kada in riƙe sitiyari "har abubuwa su lafa". Kada in je goshin jirgi. Kada in tsallake igiya. Tokuji ne ya jero su yana kallon sama, Shigenobu yana gyaɗa kai kamar a taron ofis. Abin mamaki, Uwar Jirgi ba ta da matsala in na shiga ban ɗaki da burushi, ko in na durƙusa ina kwashe ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Wannan aikin ba ya ɓata mata rai.

Kowace safiya yanzu suna zuba giyar shinkafa a gindin jigo, su tafa hannu, su sunkuyar da kai. Giyar tana gangarawa ƙarƙashin katako ta yi danƙo, ƙudaje su taru. Ni ke gogewa.

Na ce, "Baban Kanae, ka yarda da wannan abin da gaske?"

"Ba maganar yarda ba ce. Tokuji baƙonmu ne. Kada ki kunyata ni."

"Yaushe baƙon zai tafi?"

Ya ɗauki taswira ya kare fuskarsa da ita.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma.

Wari. Na wanke.

Juma'a, 23 ga Mayu, da almuru. Tsibirin Yokji.

Mun sha wuya yau. Iska ta juya mana a hanya, ruwa ya tashi, jirgi ya riƙa hawa yana faɗuwa. Ya kamata a rage zanen iska tun da wuri, na faɗa daga bakin ƙofa, aka ce in koma ciki. Na zauna a ƙasa ina riƙe da ƙafar tebur, 'yar tsana tana birgima daga wannan bango zuwa wancan, idonta na buɗewa yana rufewa. Ina jin Tokuji yana amai a sama, ɗan masuntan da ya san ruwa. Ina jin Shigenobu yana kiran sunan mahaifiyarsa.

Mun shigo tasha da ƙyar. Masunta suka kama mana igiya suna kallonmu da tausayi, abin da na fi ƙi a duniya. Zane ya yage. Shinkafa ta zube cikin ruwan gindin jirgi ta kumbura. Tokuji ya yi aman a kan matashina, ban san yadda aka yi ya kai can ba.

Asabar, 24 ga Mayu, da rana.

Abin da Shigenobu ya faɗa mini yau a gaban Tokuji, a kan dakalin tasha, da muryar da masu shanya taru suka ji, ba zan rubuta shi ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, da yamma.

Ana ruwa. Ba mu motsa ba. 'Yata Kanae ta kira daga Osaka.

"Mama, ya tafiya? Kun aiko hoto ɗaya tak, shi ma Baba ne da wani tsoho."

"Lafiya lau."

"Muryarki fa?"

"Mura ce."

"Mama."

Na ce mata batir zai mutu. Bayan na kashe na zauna ina ɗinkin zanen da ya yage, tunda kaya ma, irin wanda ake dana-sanin lodawa a jirgi, in ji shi jiya, ya iya riƙe allura. Su biyun suna wani shago a bakin tasha suna shan giyar nan mai koriyar kwalba. Sun dawo suna waƙa, suna warin tafarnuwa, Tokuji ya taka zanen da takalminsa ya wuce.

Shekara arba'in ina zaune da mutum. Na yi jinyar mahaifiyarsa har ta cika a hannuna. Ban taɓa jin ƙyamar ɗaukar fo ɗinta ba kamar yadda nake jin ƙyamar sautin taunarsa yanzu.

Talata, 27 ga Mayu, da yamma. Yeosu.

Injin ya mutu a bakin shiga tasha, wani jirgin kamun kifi ya jawo mu kamar akuya. Makaniken da ya zo ya ce ruwa ya shiga tankin mai, murfin ba a ɗaure yake da kyau ba. Ban tambayi wanda ya sha mai na ƙarshe ba, na sani, su ma sun sani.

Tokuji ya ce lokaci ya yi da za a duba Uwar Jirgi kanta. Jirgin na hannu muka saya, kuma ba wanda ya taɓa buɗe ramin. Suka wanke hannu da baki, suka ce in tsaya daga nesa. Tokuji ya sa wuƙa ya ɓamɓare ɗan katakon da ke gindin jigo.

Warin ya bugi kowa. Shi ne. Shi nake nema tun Hakata. Ruwa ya daɗe yana tsiyayowa ta jikin jigon yana taruwa a ramin, kuma abin da tsohon mai jirgin ya sa a ciki duk ya ruɓe: takarda ta zama kunu, kwabbai sun yi kore, ga wani curin gashi baƙi mai yauƙi, gashin matar wani mutum da ban taɓa gani ba. Makonni ina kwana kaina na kusa da shi. Shigenobu ya toshe hanci ya haura sama da gudu. Tokuji ya bi shi, wai zai yi addu'a a sarari.

Wadda aka ce ta tsaya daga nesa ita ta kwashe shi da cokali. Na jefar da cokalin.

Laraba, 28 ga Mayu, da hantsi.

Jirgin ya daina wari. Na zauna a ciki ina shaƙar iska, na rasa me ya sa ban ji daɗi ba.

Tokuji ya sami aiki. Ya ce jirgi yanzu ba shi da rai, ba za a tsallaka Jeju a haka ba, sai an sa sabuwar Uwar Jirgi. Tun safe yake tara kaya. Ya yanka 'yan tsana biyu na takarda, mace da namiji. Ya sassaƙa ƙwayoyin caca biyu, irin na ludo, da guntun katako. Ya tattara kwabbai. Ya shiga kicin ɗina ba sallama ya ɗebi shinkafa da wake da alkama. Ya jera su duka a kan farin ƙyalle a tebur, ya bar gurbi ɗaya a tsakiya.

Babu wanda ya ce komai game da gurbin. Amma yau sau biyu ina juyowa in kama su suna kallon ƙeyata.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan abincin rana.

Tokuji ya ce zai je yawo, abin da bai taɓa yi ba a lokacin cin abinci. Da ya fita Shigenobu ya sauka daga kujera, ya durƙusa a ɗan wurin da ke tsakanin tebur da murhu, ya ɗora tafin hannuwansa a ƙasa, ya kai goshinsa har katako.

"Mitsuyo," ya ce.

Na manta rabon da in ji sunana a bakinsa. Na ɗauka haƙuri zai ba ni kan maganar Yokji. Har na buɗe baki zan ce ya tashi, ya wuce.

"Ina roƙon gashinki."

Ya ci gaba, goshinsa a ƙasa, kamar mai karanta abin da ya haddace. Wai sai gashin matar mai jirgi, wadda mijinta ke raye. Wai girmamawa ce babba, a garin su Tokuji mata har alfahari suke yi da ita. Wai kuma, bisa al'ada, wadda gashinta ke cikin jirgi ba ta shiga jirgin. Tana zama a tudu tana jira, ta haka tsaron yake aiki.

"Kin gaji, na gani. Ki hau mota zuwa Busan, ki shiga babban jirgin fasinja ki koma gida ki huta. In mun kusa, sai ki zo ta jirgin sama mu tarbe ki. Ai Keelung ɗin ce dai."

"Gashina zai shiga Keelung ta ruwa, ni kuma ta filin jirgin sama."

"Kada ki mai da shi haka."

"To yaya yake, baban Kanae?"

"Ina roƙonki."

Shekara arba'in, wannan ne karo na farko da ya kai goshinsa ƙasa a gabana. Na ga tsakiyar kansa inda gashi ya ƙare, rana ta ƙona wurin yana saɓa. Na ce ya tashi, yana tare mini hanyar murhu.

Juma'a, 30 ga Mayu, da yamma.

Na je gidan wanka na cikin gari, na daɗe a ruwan zafi. Na kwance gashina na wanke shi a hankali. Har ƙugu yake kaiwa. Fari ya fi baƙi yawa yanzu, amma bai zube ba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa shi ta ɗaga mini babban yatsa. Tun muna saurayi da budurwa Shigenobu ya ce kada in taɓa yanke shi, ban yanke ba. Na tabbata ya manta ya faɗa.

Zan iya ƙi. Jirgin nawa ne kamar yadda yake nasa, sunana na kan takardunsa. Zan iya zama daram in ce babu inda za ni. Sai me? Duk igiyar ruwan da ta taso daga nan har Taiwan laifina ce. In shiga tashar mahaifiyata a zaune a ƙasa kusa da 'yar tsana, maza biyu na sama suna harara ta ta ƙofa. Ba wannan na yi amai a bokiti dominsa ba.

Kuma na ga abin da ba ya so in gani. Tun ranar iskar nan hannunsa rawa yake in ya kama igiya. Tsoron teku yake ji, tsoro na gaske, kuma ba zai iya faɗa wa Tokuji ba, ba zai iya faɗa wa kansa ba. Ya fi masa sauƙi ya ce ni ce. Mai tsoro ba ya tuƙi da kyau, kuma tsallaken Jeju ba wasa ba ne. In curin gashi a rami zai tsayar masa da hannu, to. Haushin kaina nake ji da har yanzu wannan ya dame ni.

Gobe zan ɗauki almakashi a gabansa. Zan yi a hankali. In yana so ya hana ni, yana da baki.

Asabar, 31 ga Mayu, da safe.

Na yi kitso ɗaya, na ɗaure shi sama da ƙasa da farin zare. Na zauna a tebur, su biyu suna tsaye. Na ɗauko almakashin kicin, wanda nake yanka kifi da shi. Na ɗaga kitson, na sa almakashin a daidai wuya, na tsaya. Na kalli Shigenobu.

Agogonsa yake kallo. Tokuji ya ce sai ruwa na cikowa ake sa Uwar Jirgi, kuma lokacin ya kusa wucewa.

Almakashin ba shi da kaifi. Sai da na yi ta ci kamar mai yanka igiya. Da ya rabu, kaina ya yi wani sakayau har na ji jiri.

Na miƙa wa Shigenobu kitson da hannu biyu. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna wa kitson, ba ni ba. Suka durƙusa a gindin jigo. Tokuji ya sa 'yan tsanan takarda, ya sa kwabbai da hatsi da ƙwayoyin caca yana gunguni. Shigenobu ya naɗe kitson ya tura. Bai shiga ba. Ya sake naɗewa ya danna da babban yatsa. Ramin ƙarami ne.

"Kyaftin, lokaci fa."

Shigenobu ya ce, "Ke, miƙo almakashin nan."

Na miƙa. Ya ɗora kitson a gwiwarsa ya datse shi biyu, ya cusa guda a ramin, ya shiga daidai. Ya miƙo mini ɗayan ta bayan kafaɗarsa ba tare da ya juyo ba.

"Ya yi yawa. Rabi ya isa."

Tokuji ya buga katakon ya rufe, suka tafa hannu, suka sunkuyar da kai. Ina tsaye a bayansu da rabin kitso a hannu, zaren ya kwance, gashin yana zubowa a kan ƙafata.

Lahadi, 1 ga Yuni, da hantsi.

Sun tashi. Ni na kwance musu igiya daga dakali, tunda babu wani. Injin ya tashi bugu ɗaya, Tokuji ya ɗaga hannu sama yana murna. Shigenobu ya gyara hula, ya ɗaga murya ya ce in shayar da shukokin gida in na isa. Sai a lokacin ya kalle ni sosai, na ga ya ɗan yi turus, kamar wanda ya ga baƙuwa. Jirgin ya riga ya ja baya. Ya ɗaga hannu. Ban ɗaga ba.

Litinin, 2 ga Yuni, da yamma. Cikin jirgin fasinja, tashar Busan.

Wuyana sanyi yake ji. Na shiga wani shagon gyaran gashi kusa da tasha, yarinyar ta kalli ƙeyata ta ce wa ya yi mini wannan aika-aika. Ta daidaita shi. Na kalli madubi, ban ƙi matar da na gani ba.

Na kira Kanae na gaya mata komai, har da maganar Yokji. Da na gama sai ta ce:

"Zan zo Hakata in tarbe ki, in kai ki gida."

"Ki zo. Amma ba gida za ni ba. Ki nema mini ɗaki kusa da ke, ƙarami, mai taga."

"Na kwana nawa, Mama?"

"Ki nema dai."

"Baba fa? In ya kira me zan ce masa?"

"Ki ce masa shukokin za su bushe."

Rabin kitson yana jakata tun shekaranjiya, a naɗe cikin ledar burodi. Na yi tunanin jefa shi a teku in mun fita, sai na ga bai kai a yi masa biki ba. Akwai kwandon shara a bakin matakala, cike da ɓawon lemo da kofunan takarda. A nan na sa shi, na je na wanke hannu.